Yadda kamfanin inshora ke yanka wa motarka kuɗi, da yadda za ka shiga rukunin da ya dace da kai a Abuja

Wata ranar Asabar ɗan yayata ya same ni a gida a Kubwa, ya shimfiɗa takardu biyu a gabana, ɗaya tasa, ɗaya ta abokin aikinsa. Motocinsu iri ɗaya ne, Corolla 'yar Baljiyam, shekarar ƙira ɗaya. Amma kuɗin cikakkiyar inshorar da aka yanka masa ya haura na abokin nasa, kuma abin da aka ce zai fitar daga aljihunsa in an yi haɗari ya kusa ninka na wancan.

"Kawu, ni fa ban gane ba," in ji shi. "Ko don ba ni da hanya ne?"

Ba maganar hanya ba ce. Shi shekararsa 24, lasisinsa bai cika shekara biyu ba, motar a bakin titi take kwana a Mararaba, kullum kuma sai ta ratsa cunkoson Nyanya zuwa AYA safe da yamma. Abokin nasa ya haura arba'in, gidansa na da get da maigadi a Gwarimpa, shekara huɗu yana biyan kamfani ɗaya bai taɓa neman ko sisi ba. A idon kamfani waɗannan ba mota ɗaya ba ce, ko da a masana'anta ɗaya aka ƙera su.

Kamfanin inshora ba boka ba ne da zai san wane ne zai daki bayan tirela ranar Talata. Taron mutane irinka ya sani, ba kai ba. Yana tara masu kama da juna a rukuni ɗaya, ya duba abu biyu a tarihinsu: sau nawa suke dawowa neman diyya, kuma in sun dawo nawa ake kashewa. Bari in buga misali na ƙirƙira don lissafin ya fito. A ce cikin mota 100 a wani rukuni, 10 ke dawowa a shekara, kowace da ɓarnar naira miliyan 3. Miliyan 30 ke nan. In aka raba wa mutum 100, kowa zai kawo 300,000. A kan wannan ne ake ɗora albashin ma'aikata, la'adar dillali, kuɗin da kamfanin ke biya wa wani babban kamfani da ke tsaya masa in asara ta fi ƙarfinsa, sai ribarsa. In wani rukunin kuwa mota 20 ke dawowa maimakon 10, kuɗin kowa a cikinsa ya ninka, har da wanda bai taɓa ko goge fenti ba. Duk tambayar da ke cikin fom ɗin da ake ba ka, neman rukuninka take yi.

A Ingila har unguwar da kake zaune da aikin da kake yi suna canza farashi sosai, a yawancin jihohin Amurka kuma har tarihin biyan bashinka ake dubawa. Tarayyar Turai ta hana bambanta farashi tsakanin mace da namiji tun Disambar 2012. Mu a nan tsarin bai kai wannan ƙwaƙwa ba, amma yana da nasa tarkunan, kuma su zan bi ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko: ka san wace inshora kake saya

Iri uku ne a kasuwa. Akwai ta ɓangare na uku, wadda doka ta wajabta wa duk abin hawan da ke kan titi. Ita ba ruwanta da motarka, wanda ka yi wa ɓarna take biya: ransa, raunin jikinsa ko dukiyarsa. Akwai ta tsakiya, wadda ta ƙara gobara da sata a kan wannan. Sai cikakkiya, wadda ma'aikatan kamfani ke kira kwamfirihensif, ita ce ke gyara taka motar har in kai ne da laifi.

A ta ɓangare na uku babu ciniki, kuma ba a tambayar shekarunka. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ce ta yanke farashin, ya fara aiki 1 ga Janairun 2023. Motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiyar wani kuma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Motar da ke ɗaukar kayan mai ita 20,000 ce, da iyakar miliyan 5. Bas ɗin ma'aikata 20,000, iyaka miliyan 3. Manyan motocin dakon kaya 100,000, iyaka miliyan 5. Keke Napep 5,000, babur 3,000. Ka lura da abin da ya raba waɗannan kuɗaɗe: aikin da abin hawan ke yi ne, ba wanda ke riƙe da sitiyari ba.

Ka kuma riƙe wannan miliyan 3 ɗin a ranka. A garin da za ka iya taka birki a makare ka sami kanka a bayan Land Cruiser a Maitama, fitilun baya da bamba kaɗai na iya cinye ta. Abin da ya haura, kai za a bi. In ka fi yawo a cikin gari, ka tambayi kamfani nawa zai ƙara maka ya ɗaga wannan iyaka. Yawanci ƙarin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da yake tarewa.

A cikakkiya kuwa, sanarwar NAICOM ɗin nan ta ce kuɗin ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba, bayan an cire kowane irin rangwame. Wato ƙasa a kafe take. Daga nan zuwa sama ne rukuninka ke aiki, a farashi da kuma sharuɗɗa.

Mataki na biyu: ka faɗi aikin da motar ke yi, ba wanda kake so a rubuta ba

Nan ne mutanen Abuja suka fi faɗawa rami, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, ma'aikaci nawa ne ke fitowa daga Kubwa ko Lugbe ko Masaka ba tare da ya tsaya ya ɗebi 'yan "along", wato fasinjojin bakin hanya, ba? Mutum huɗu a baya da gaba, kowa ya miƙo nasa, an sami na mai. Wasu kuma da an tashi daga ofis sai su kunna Bolt ko inDrive har goma na dare. Babu mai ganin laifinsu, zamani ne ya zo da haka. Sai dai takardar inshorar motar gida tana da layi ɗaya da kusan kowa ke tsallakewa: an rufe motar ne, wato an yi mata inshora, don harkar gida, shaƙatawa da zirga-zirgar mai ita, ban da ɗaukar fasinja ko kaya don kuɗi.

Na ga wannan da idona a kan wani maƙwabcina. Ya biya cikakkiyar inshora a matsayin motar gida, ya yi karo wajen gadar Berger da dare, da fasinjan manhaja a kujerar baya. Mai binciken kamfani ya zo gareji a Apo, ya ɗauki hoton gaban motar da ya lotse, ya duba lambar shasi, sannan ya karanta rahoton 'yan sanda. A ciki fasinjan ya faɗi da bakinsa cewa hayar motar ya yi. Shi ke nan. Wasiƙar da ta zo masa layi huɗu ce, ba a biya ko kwabo ba. Ya yi ta kumfar baki cewa an cuce shi, ni kuwa na kasa ce masa komai, don kamfanin bai saɓa wa abin da suka sa wa hannu ba. Shekara biyu yana biyan kuɗin rukunin da ba nasa ba.

Dalilin kamfani a fili yake. Motar da ke yin awa goma a titi, da dare, da baƙin mutane a ciki, ta fi wadda ke fita safe ta koma yamma shiga haɗari, ta kuma fi fuskantar 'yan ƙwace. Don haka ka faɗa musu kai tsaye: "Ina yin Bolt da ita bayan aiki." Za su sa ka a rukunin haya, kuɗin zai ƙaru, wataƙila su ce sai ka ƙara inshorar fasinjoji. Wannan ƙarin shi ne farashin gaskiya. Haka in kana ɗaukar kayan shagonka daga Dei-Dei ko kasuwar Wuse a kai a kai, ka faɗa.

Inshora yarjejeniya ce da aka gina a kan cikakkiyar gaskiya daga ɓangarorin biyu. In ka ɓoye abin da da ya canza farashi ko sharaɗi, kamfani na da damar warware ta a ranar da kake buƙatarta. Kuma ranar biyan kuɗi ba sa bincike sosai, ranar biyan diyya suke yi.

Mataki na uku: ka yi wa motar kuɗi daidai

Tunda kashi ake ɗauka na darajar mota, jarabar rage darajar tana da ƙarfi. A ce motarka za ta kai miliyan 12 a kasuwa yau. Kashi 5 ɗinta 600,000 ne. Sai wani ya raɗa maka ka rubuta miliyan 8, ka biya 400,000, ka tsira da 200,000. Kamfanoni da yawa suna da sharaɗin cewa in ka rufe kashi biyu cikin uku na darajar mota, kashi biyu cikin uku na ɓarna za su biya. Gyaran miliyan 3 sai a ba ka miliyan 2. In kuwa sace ta aka yi, ba za ka ga fiye da miliyan 8 ɗin da ka rubuta ba.

Wuce gona da iri ma ba riba. Ka rubuta miliyan 16, in ta salwanta darajarta ta kasuwa za a ba ka, ƙarin da ka biya ya tafi a banza.

Wani abin da ke kama mutane ba da niyya ba shi ne faɗuwar naira. Wanda ke sabunta takarda kowace shekara a kan darajar da ya rubuta a 2022, ya rage wa motarsa kuɗi bai sani ba. Kafin ka sabunta, ka zaga wurin dillalan mota biyu ko uku, ka ji nawa irin taka take yanzu. Kamfani zai turo wanda zai duba motar ya ɗauki hotuna kafin a rufe ta. Ka tsaya a wurin, ka tabbatar an rubuta duk wata tsohuwar lotsawa, don kada a yi musu daga baya.

Mataki na huɗu: wane ne zai riƙa tuƙa ta

Fom zai tambayi shekarunka, sana'arka, yaushe ka karɓi lasisi, ko ka taɓa haɗari a 'yan shekarun nan, ko wani kamfani ya taɓa ƙin karɓarka, ko kana da matsalar ido ko wata lalura da ta shafi tuƙi. Sannan tambayar da ta fi su duka nauyi: ban da kai, wa zai tuƙa?

Matashi da sabon direba su ne rukunin da kamfanoni suka fi ɗari-ɗari da shi a ko'ina a duniya, don sun fi gudu, ba su kuma gama sanin titi ba. A nan ba lalle a ƙara maka kaso mai yawa ba. Inda ake kama ka shi ne abin da suke kira eksas, wato kason farko na kowace ɓarna da kai za ka biya kafin kamfani ya sa hannu. In eksas ɗinka 100,000 ne, gyara ya kama 700,000, za su ba da 600,000. In gyaran 90,000 ne, ba su da hannu a ciki. Takardu da yawa suna da ƙarin eksas na musamman in wanda ke tuƙi lokacin haɗarin matashi ne ko sabon lasisi ne. Kowane kamfani da iyakar shekarun da ya sa, sai ka nemi layin ka karanta. Wannan ne ya faɗa wa ɗan yayata.

Alhazai masu direba su kula da abu biyu. Na ɗaya, lasisin direban na gaske ne, kuma bai ƙare ba? Lasisin da aka yi ta bayan fage daidai yake da babu, kamfani kuma zai duba. Na biyu, yaron gida da ke ɗaukar makulli da yamma ya je sayen tsire. In takarda ta ambaci sunayen masu tuƙi shi kuma ba ya ciki, duk abin da ya faru naka ne. Taƙaita masu tuƙi zuwa kai da maiɗakinka na iya sa a sassauta maka, amma sai in da gaske ku biyun ne.

Ana iya sayen eksas ɗin, wato ka ƙara kuɗi a shekara a cire maka shi. Ga mai bin hanyar Nyanya kullum, inda gogayya ba ta ƙarewa, ina ganin ya cancanta. Ga wanda motarsa ba ta fita sai Juma'a da Lahadi, asarar kuɗi ce.

Mataki na biyar: inda take kwana da inda take zuwa

Gida mai katanga ya fi bakin titi, wannan ba sai an faɗa ba. Motocin da ɓarayi ke so saboda kayan gyaransu na tafiya a kasuwa, irin su Corolla, Camry da Hilux, da motoci masu tsada, kamfani kan ce sai an sa musu na'urar bin sawu. In an rubuta haka a takarda, ya zama sharaɗi. Ka bar kuɗin na'urar ya ƙare ba ka sabunta ba, aka sace motar, za a yi maka gardama.

Sai abubuwa biyu da mutane ke zaton suna cikin cikakkiyar inshora alhali sau da yawa sai an ƙara su daban: ambaliya, da tarzoma ko zanga-zanga. Wanda ya ga yadda ruwa ya yi awon gaba da motoci a rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe a Yunin 2023, ko ya tuna motocin da aka ƙona a Apo lokacin EndSARS a Oktoban 2020, ba ya buƙatar dogon bayani. In kana zaune a Lugbe, Lokogoma ko wata unguwa da ke kan hanyar ruwa, ka tambaya a fili, ka kuma ga an rubuta. Maganar baki ta ma'aikaci ba ta biyan diyya.

In kana yawan tafiya Jos ta Hawan Kibo ko Kaduna, ka tambayi ko akwai kuɗin jan mota, da iyakarsa.

Mataki na shida: tarihinka kuɗi ne

Kowace shekarar da ka yi ba ka nemi diyya ba tana jawo maka rangwame, yana kuma ƙaruwa shekara bayan shekara. Amma ka tuna ƙasan kashi 5 ɗin nan, rangwame ba zai kai ka ƙarƙashinsa ba. Amfaninsa shi ne ya sauko da kai daga sama zuwa wurin, ya kuma ba ka bakin neman sassauci a eksas. Saboda haka, in madubi ne ya karye ko 'yar gogewa ce da mai fenti zai gama da kuɗi kaɗan, ka yi lissafi kafin ka buɗe fayil. Wani lokaci gara ka gyara da kanka. Ka dai sanar da kamfani in da wani a cikin lamarin, don kada ya taso da ƙara daga baya.

In za ka canza kamfani, ka nemi tsohon ya ba ka wasiƙar shaidar cewa ba ka nemi diyya ba. Mutane da yawa suna barin wannan a baya, su koma sabon shiga.

Mataki na bakwai: ciniki, biya, da tabbatarwa

Ka nemi farashi daga wuri uku a kan bayani iri ɗaya. Kada ka tsaya a jimillar ƙasa. Ka jera eksas, ambaliya, tarzoma, gilashin gaba, iyakar ɓarnar dukiyar wani, da ko za su bari ka kai garejin da kake so ko nasu dole. Ka tambaya ko suna cire kuɗin tsufa idan aka sa sabon kaya a tsohuwar mota. Wanda ya zo maka da kashi 2 ko 3 a cikakkiyar inshora ya saɓa wa ƙa'idar hukuma tun daga ƙofa, araha kuwa ba ta ado. Dillalin inshora mai rajista ba ya ƙara maka kuɗi, la'adarsa daga kamfani take, kuma ranar neman diyya zai yi maka amfani.

Ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai takaful. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, akwai kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. A can gudummawa kake sakawa a asusun taimakon juna, kamfani na kula da shi, in an sami rara kuma ana iya raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. Amma tambayoyin fom ɗin dai su ne, rukunin ma shi ne. Mai Bolt a takaful mai Bolt ne.

Ka biya kafin ranar da tsohuwar za ta ƙare, don ƙa'idar ita ce in ba a biya ba babu inshora, ko da an rubuta takarda. Ka biya cikin asusun kamfani ko na dillali mai rajista, ba na wani mutum ba. Yaran da ke zagaye harabar ofishin sabunta takardun mota suna cewa "Oga, kawo a haɗa maka duka" su ne tushen yawancin takardun bogi. Takardar za ta yi kyau, da tambari da komai, amma babu kamfanin da ya san da ita. Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara kamen marasa inshorar ɓangare na uku a duk faɗin ƙasa, kuma a na'ura suke dubawa.

Kai ma kana iya dubawa kafin su. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai, NIID. Ka danna *565*11# a wayarka, ka sa lambar motar, ko ka shiga askniid.org. In inshorar ta gaske ce, sunan kamfanin da ranar ƙarewa za su fito. In ka biya yau, ka ba su kwana ɗaya ko biyu su shigar, sannan ka sake dubawa. In har lokacin babu komai, ka koma inda ka biya da rasit ɗinka a hannu.

Ɗan yayata ya koma kamfanin ranar Litinin. Ya sami wurin kwanan mota a harabar wani gida kusa da su, yana biyan maigadi ɗan wani abu a wata, ya sa na'urar bin sawu, ya cire sunan ƙaninsa mai lasisin koyo daga masu tuƙi. Kason bai sauka sosai ba, amma sun rage masa eksas. Da yamma ya kira ni.

"Kawu, sun ce in na kai baɗi ban nemi komai ba za su sake dubawa. Amma batun 'yan along ɗin nan fa, in mutum biyu ne kawai na ɗauka zuwa Area 1?"

Na ce masa ya koma ya tambaye su, su rubuta masa amsar a takarda.